Mariƙin Bakan Malama

A layinmu, in kana son sanin matsayinka a zuciyar Kawu, ba sai ka tambaye shi ba. Kai masa aiki kawai. In ka ba shi gyaran ƙofa da safe, kafin la'asar ya aiko a ce ka zo ka kwashi kayanka, to ka zauna ka binciki kanka, akwai abin da ka yi masa. In kuwa ka kai kujera mai ƙafa uku, damina ta zo ta wuce, kujerar na nan jingine a lungu tana harararka, to ka gode wa Allah, kai nasa ne. Shi ya sa ake ce masa Sai-Gobe. Yana amsawa kuma, har da murmushi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ne autansu. Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, fensir maƙale a bayan kunne ko da gaisuwar mara lafiya za shi. Magana ba ta dame shi ba. In ya ce maka “to”, ka ɗauka kun sha hira. Shagonsa na kafinta manne yake da na Umma, wadda ke ɗinki. Bangon da ya raba su na katako ne, shi ya kafa shi tun ina goye, ya bar sama a buɗe, ya ce zai dawo ya ƙarasa. Ta wannan kafar garin katako ke sauka a kan yadin mutane. Ta nan kuma labari ke ratsowa, don Umma da ta ji baƙuwar murya a shagon ƙaninta, sai ƙafarta ta gaji da taka keke.

Umma na da nata bayanin kan wannan hali. Ta ce a da babu mai saurin Kawu. Yana da aure a lokacin, matar ta ce tana son babban akwati na katako, mai murfi da makulli. Ya zage ya ƙera mata shi cikin 'yan kwanaki, ya goge, ya shafa masa mai har kana ganin fuskarka a jiki. Ta yaba ƙwarai. Sannan ta jera kayanta a ciki tsaf, ta kira mai amalanke. Ba faɗa, ba zagi. Zama da mutumin da ba ya magana ne ya ishe ta.

“Tun daga ranar,” in ji Umma, “Auta ya ɗauka in ka gama wa mutum aiki, sallamarsa ka yi.”

Ni ban yarda duka laifin akwati ba ne. A haka akwati ya tarar da shi. Kawu bai iya cewa “zauna” ba, bai iya cewa “yaushe za ka dawo” ba. A wurinsa wannan roƙo ne, mai roƙo kuwa ana iya ce masa a'a. Amma in kujerarka na hannunsa, dole ka leƙo, dole ka yi ƙorafi, dole ka sha shayi kafin ka tafi. Bai roƙe ka ba, kai ka kawo kanka. Garkuwa yake yi da kujerun mutane, abin fansar kuma shi ne ka zo ka zauna.

Wata Asabar da hantsi wata mata ta yi sallama a shagon. Malamar wasanni ce a sakandaren 'yan mata da ke bayan tasha. Gajeruwa, kakkaura, takalmin gudu na leƙowa ƙarƙashin doguwar riga, muryarta irin ta wadda ta saba kiran yara daga wancan ƙarshen fili. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana aiki a wani gari. Ta ɗora doguwar jaka a kan bencin aiki.

“Malam, an ce min kai ne ka fi kowa iya katako a layin nan. An kuma ce min ba ka gama aiki. Wanne ne gaskiya?”

“Duka,” in ji Kawu.

Ta zuge jakar. Ta fito da wasu faifayen sanduna biyu masu lanƙwasa, kowanne ya kai tsawon hannu, da igiya a naɗe, da wani kakkauran katako da ya rabe biyu.

“Ƙafafun kujera ne?”

“Baka ne.”

“Na maharba?”

“Na wasa. Amma in ka tsaya a gabansa ba za ka ce wasa ba ne.”

Ta yi masa bayani irin na aji. Bakan kwance shi ake yi gida uku. Sandunan nan biyu su ne rassa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su ke lanƙwasa su tura kibiya. Na tsakiyan shi ne mariƙi, a jikinsa ake ɗaure rassan da noti, shi kuma hannu ke riƙewa. Tun wani kwas da ta je take da bakan, kuma nata ne, ba na makaranta ba. In an tashi yara takan tsaya a bayan azuzuwa ta yi ta harbin buhun ciyawa har haushin ranar ya fita. Sai aka zo gyaran ɗakin ajiya, aka jibga tebura a kan jakar. Rassan sun tsira, mariƙin ya tafi.

“Dama bai taɓa zama a hannuna ba,” ta ce. “Don wani ƙaton namiji aka yi shi. In za ka yi, ka yi min daidai hannuna.”

Kawu ya juya karyayyen katakon, ya shinshina wurin karayar, ya haɗa gutsattsarin ya ɗaga su wajen haske.

“Da wane hannu kike riƙewa?”

“Hagu. Da dama nake ja.”

“To.”

Abin da ya biyo baya ya tayar wa Umma hankali. Malama ba ta kai bakin titi ba Kawu ya hau saman rumfa ya sauko da wani tsohon gungume da ya ciro daga ƙofar wani gidan da aka rushe, katakon da ya bushe har zarto na kuka a jikinsa. Shekara da shekaru yana hana kowa taɓa shi. Ya yayyanka shi falle-falle, ya sa wani farin katako a tsakani, yana juya kowane falle don kada jijiyoyinsu su kwanta gefe guda. Ya shafe su da gam, ya matse da duk ƙarfen matsi da ke shagon, har da na aro. Da gam ya kama, ya ja zare ya fitar da layin tsakiya, don in ramukan noti suka kauce wa layin nan ko da kaurin farce ne, rassan za su kalli gabas da yamma. Ya kwafi kwanciyar mazaunin rassa daga tsohon mariƙin, sama da ƙasa iri ɗaya, ya ciro ƙarafan da noti ke shiga ya dasa su a sabon. Ya yanke taga a gefen hagu, inda kibiya za ta kwanta ido ya ga gaba. Mako bai zagayo ba, ga abu ya fito da kamanninsa.

Umma ta leƙo ta ƙofa, almakashi a hannu.

“Auta, me baiwar Allahn nan ta yi maka?”

“Wa?”

“Malamar nan. Wannan irin sauri haka! Ko mai gidan hayan da ya kulle maka shago ba ka gama masa tebur da wuri haka ba. Zagin ka ta yi?”

“Yaya, ana jiran ki a shago.”

Umma ta karanta abin a baibai. Ba gudun Malama yake yi ba, gudu yake yi zuwa wurinta. Duk abin da ya gama, aikin da kafinta ke yi shi kaɗai ne. Abin da ya rage shi ne inda tafin hannu ke zama, wannan kuwa ba a yin sa sai mai hannun na tsaye.

Kawu ba zai kama hannun matar mutane ya ce awo yake yi ba, sai ya ɓullo da dabara. Ya ce ta zo da alli. Da ta dawo Asabar, ya sa ta goga allin a tafin hannunta na hagu har ya yi fari, ta kama mariƙin, ta miƙe hannu ta tura kamar tana harbi. Ta saki. Farin ya fito a wuri biyu kacal, sauran katakon bai ma san an taɓa shi ba.

“Inda ya yi fari, nan ne ya yi tudu,” in ji Kawu. “Shi zan ci. Ran da farin ya kwanta ko'ina, an gama.”

“Ashe kana magana.”

“Kaɗan.”

Ya ɗauki magagari ya ci wuraren nan biyu, ya bi da samfefa. Ta sake shafa alli. Ya sake ci. Da rana ta take sai ya ce katako ma yana son hutu, ta dawo wata Asabar. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, katakon da ya fi shi shekaru ba ya neman hutu. Malama ba ta yi musu ba.

Daga nan Asabar ta zama ta Malama. Shagon da tsintsiya ba ta san hanyarsa ba ya fara shan shara tun ranar Juma'a. Kofunan shayi masu tsatsa suka ɓace, na gilashi suka bayyana. Wata kujera da mai ita ya gaji da jira har ya bar gari ta samu ƙafarta ta huɗu, don a samu wurin zama. Mai Walda, maƙwabcinsa na ɗaya gefen, ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube shi da kyau.

“Sai-Gobe, wa ya rage maka gemu? Ko gobara ce?”

Malama ce ke yawancin hirar. Ta ba shi labarin 'yan matan da ke zuwa da ciwon ciki duk ranar gudu, su warke da an buga ƙararrawa. Ta ba shi labarin gwiwarta da ke sanar da ita zuwan hadari, da ɗanta da ke kira a waya ya ce “Mama kina lafiya ko” ya kashe kafin ta amsa. Kawu yana ci da magagari yana cewa “to”. Amma Umma ta rantse ta ji shi da kunnenta ya jera magana mai tsawo kan yadda ake gane katakon da aka sare da damina, har Malama ta yi masa tambaya, har ya amsa. Ta ce tun rasuwar mahaifinsu ba ta ji ya ɓarar da kalmomi haka ba.

Matsalar alli ita ce bai iya kara ba. Asabar ɗin farko fari biyu ne, ta gaba ya bazu, bayan 'yan makonni kuwa Malama ta buɗe hannu sai ga hoton tafinta gaba ɗaya a kan katakon, har layukan ciki. Babu tudu, babu rami. Mariƙin ya zauna a hannunta kamar tare aka haife su.

Su biyun suka tsaya suna kallon farin. Keken Umma ya yi shiru.

“Nan,” in ji Malama, ta nuna ƙasan babban yatsa. “Yana ɗan cizo na a nan.”

Kawu ya dubi wurin. Ya san ba abin da ke cizo. Ya ɗauki magagari.

Haka aka shiga sabon babi. Kowace Asabar akwai inda ke cizo. Yau ƙasan yatsa, gobe gefen tafi, wani makon wai in ta yi gumi yana zamewa. Kawu yana ci kaɗan-kaɗan, kamar mai cin abincin da ba ya so ya ƙare. Amma katako ba ya tsirowa. Wurin da ake ci ɗin nan kuwa shi ne wuyan mariƙi, inda ya fi ko'ina siranta, kuma duk ƙarfin da rassa biyu ke ja da shi a nan yake haɗuwa. Kawu na da awonsa: yakan zagaye wuyan da babban yatsa da na tsakiya. Da farko yatsun ba sa ganin juna. Daga baya suka gaisa. Yanzu ɗaya ya fara hawa kan ɗaya.

Wata safiya kafin layi ya cika, ya ɗaura rassan da Malama ta bari a shagon, ya sa tsirkiya, ya ja a hankali yana sauraren katakon da tafin hannunsa. Bai yi ƙara ba, bai motsa ba. Lafiya lau yake. Amma Kawu ya san iyaka in ya zo bakinta, kuma nan ce. In aka ƙara ci ko sau ɗaya, wata rana Malama za ta ja har kunci, wuyan ya ɓalle, reshen sama ya dawo da duk ƙarfinsa. Fuskarta ce a wurin.

Ya zauna a kan benci da bakan a cinya. A haka Mai Walda ya same shi, kuma da yake duk layin an san halin da ake ciki, bai tsaya tambaya ba.

“Kai dai ba ka da dabara. Sake shi ya faɗi a kan siminti. Ko ka sa shi a matsi ka ƙara juyi ɗaya. Ka ce mata katakon ne da ciwo a ciki. Sai a faro sabo daga farko, ka samu Asabar har ta baɗi.”

“Allah ya shirye ka,” in ji Umma ta saman bango. “Auta, kada ka saurari mutumin da tartsatsi ya gama da ƙwaƙwalwarsa. Baki gare ka. Buɗe shi za ka yi.”

“In ce me, Yaya?”

“Ka ce abin da ya sa ka sayi kofin gilashi!”

Kawu ya jira suka watse. Sannan ya kwance rassan, ya sa mariƙin a bakin matsi, ya ɗora hannu a kan abin juyawa. Ya daɗe a haka. Zan so in ce tausayin Malama ne ya hana shi, ko tsoron Allah. Ina jin akwai su a ciki. Sai dai na san Kawu. Abin da ya fara riƙe masa hannu shi ne layukan fari da baƙi da suka bi lanƙwasar katakon kamar ruwa, da santsin da ya yi, da sanin cewa tun da ya fara riƙe zarto bai taɓa yin abu mai kyan wannan ba. Zai iya yi wa mace ƙarya wata da watanni, ya riga ya gwada. Amma ya karya aikinsa da hannunsa, ya kuma ɗora wa katakon laifi? Wannan ya fi ƙarfinsa. Ya kwance matsin.

To saura hanya biyu. Ko ya ci wuyan ya sayi wata Asabar da fuskar Malama, ko ya ce an gama, ta zuge jakarta ta tafi.

Ranar Asabar ta zo da allinta kamar kullum. Ta tarar ya shafe mariƙin da mai, ya bushe, yana ƙyalli a kan wani tsumma mai tsabta. Ba a shafa mai sai an gama aiki, ita ma ta san haka. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ta goga alli, ta kama, ta tura, ta saki.

“Har yanzu nan ɗin,” ta ce. “Ɗan ƙara ci kaɗan.”

Magagarin na nan kusa da hannunsa. Kawu ya dube shi, ya ɗauke shi, ya rataye a ƙusa.

“A'a.”

“A'a me?”

“Ba zan ƙara ci ba.”

“Malam, hannuna ne ko naka? Na ce maka yana cizo.”

“Ba ya cizo.” Muryarsa ta fito da ƙarfin da shi kansa bai shirya ba. “Ya daɗe da daina cizo. Allin ya nuna, kin gani, na gani. In na ƙara taɓa wuyan nan zai karye a hannunki ya fasa miki fuska. Ki kai wa wanda kika ga dama ya ci, ni dai ba da hannuna ba. An gama. Ga shi nan. An gama.”

Ya faɗi “an gama” ɗin nan kamar mai sanar da rasuwa. Malama ta karkaɗe allin hannunta a hankali, ta ja kujera ta zauna.

“Alhamdu lillahi,” ta ce. “Na ɗauka sai ka mayar da shi tsinken sakace.”

Kawu ya juyo ya dube ta.

“Malam, shekara nawa ina harbi? Kana ganin ban san wuyan mariƙi ba? Tun makonnin baya nake auna shi da yatsuna in ka juya zuba shayi.”

“To me ya sa kike cewa in ci?”

“Me ya sa kake ci?”

Kawu ya mayar da idonsa kan magagarin da ke rataye. Can waje injin Mai Walda ma ya mutu, wai wuta aka ɗauke, alhali fankar shagon Umma na juyawa.

“Bari in gaya maka,” in ji Malama. “Da farko daɗin shayin ne, ba zan ɓoye ba. Gidana shiru, nan ma shiru, amma shirun nan akwai mutum a cikinsa. Daga baya sai na ce bari in ga gudun ruwan mutumin nan. Na zauna da namiji, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki, amma ya gwammace rufi ya faɗo mana a ka da ya faɗi abin da ke ransa. Ba zan sake ba. Na ce zan yi ta tura ka har bango, in ga wanne ya fi maka tsada, fuskata ko shirunka.”

“Da na ci fa?”

“Da na karɓa na yi godiya, na rataye shi a bango don ado. Ba kuma za ka ƙara ganin ko takalmina ba.”

Kawu ya goge hannunsa a riga, duk da ba abin da ya taɓa.

“Ashe jarrabawa ce.”

“Malama ce ni. Me ka zata?”

Ta miƙe ta ɗauki rassan ta ɗaura da kanta, tana juya noti da sauri irin na wadda ta saba. Ta sa tsirkiya, ta zaro kibau daga jakar, ta fita filin bayan shago inda Kawu ke tara buhunan garin katako. Ta tsaya nesa, ta ɗora kibiya a taga, ta ja har yatsunta suka taɓa kunci. Kibiyar ta tafi da wani ɗan sauti, ta nutse a tsakiyar buhu, gari ya yi tsalle. Ta sake, ta sake. Mariƙin ko gezau. Ta sauke bakan ta dube shi, ta shafa wuyan da babban yatsa.

“Ka iya aiki,” ta ce, a hankali wannan karon, ba da muryar fili ba.

Sannan ta kwance komai ta jera a jaka, ta ja zif. Ƙarar zif ɗin ta cika shagon. Ta rataya jakar a kafaɗa ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta fita ba, ba ta dawo ba.

“Shayin…” in ji Kawu. “Ranar Asabar. Yana nan.”

“Akwai shayi a gidana.”

“Ko in akwai wata kujera da ta karye…”

“Kujeruna lafiyarsu ƙalau. Malam, rabin jarrabawar ka ci. Kada ka tsaya a nan.”

Ya dubi benci, ya dubi zarto, ya dubi duk abubuwan da suka saba yi masa magana. Ba wanda ya taimake shi. Ya cire fensirin daga bayan kunne, ya rasa inda zai sa shi, ya mayar.

“Ina so ki riƙa zuwa,” ya ce. “Ba aiki. Haka kawai.”

“Don me?”

“Don… in kin tafi shagon yana yin girma.”

Malama ta auna amsar, kamar mai duba takardar yarinyar da ta yi ƙoƙari amma rubutunta ya karkace.

“Ba laifi,” ta ce. “Za a iya farawa da wannan. Amma ni na gaji da zuwa, gwiwata ba ta son hanyar nan. Yanzu kai za ka san hanyar gidanmu. Akwai yayana a can, kuma shi ba ya jin ‘to’, sai an yi masa bayani.”

“Yaushe?”

“Ni yanzu can na nufa.”

Kawu ya dubi shagonsa a buɗe, gam a buɗe, shayi a kan wuta. Ya miƙa hannu.

“Kawo jakar.”

“Ba ta da nauyi.”

“Na sani. Kawo.”

Ta ba shi. Suka fito layi tsakar rana, ita a gaba da takalmin gudu, shi a baya da garin katako har a gira, ya rungume jakar baka kamar jariri. Masu shaguna duk suka samu abin yi a bakin ƙofa. Sun kusa kwana aka ji Malama na cewa ya daina bin ta a baya kamar ɗan dako, ya matso su jera. Ya matso.